Idan Saiwar Bishiyar Maƙwabci Ta Tsaga Maka Katanga

A 1928 aka fara dasa darbejiya a lardin Borno, yau kuwa da wuya ka bi layi guda a Kano ko Gusau ko Maraɗi ba ka wuce ta ƙarƙashinta ba. Waɗanda suka dasa ta sun yi ne a zamanin da gida ke da sarari, tsakar gida ta ishi a ɗaure dabbobi, a yi shanya, bishiya kuma ta miƙe yadda ta ga dama. Yanzu fuloti mai ƙafa 50 da 100 ana yanka shi gida biyu ko uku, katanga na jingine da katanga, sokawe na ƙofar gida, bututun ruwa na bin gindin bango. Sai a wayi gari daɓe ya kumbura, ko katanga ta tsage, ko masai ya daina wucewa. Ana haƙawa sai ga saiwa, gindinta kuwa yana gidan maƙwabci.

Wa zai biya kuɗin gyara? A shari'ar Musulunci da dokar da muka gada daga Ingila, amsar tana komawa kan mai bishiya, amma da sharaɗi biyu. Sai ka tabbatar saiwar bishiyarsa ce ta yi ɓarnar, sannan ka tabbatar ya san da maganar, ko ya kamata a ce ya sani, kuma ya sami damar gyarawa bai gyara ba. A sharaɗi na biyu mutanenmu suka fi faɗuwa, don kunya takan hana mutum buɗe baki har shekara da shekaru, ranar da ya gaji kuma gatari yake ɗauka, ba takarda ba.

Ka fara tabbatar da saiwar ce

Ba kowace tsaga ce laifin bishiya ba. Bulon da aka buga da siminti kaɗan yana tsagewa shi kaɗai. Harsashin da bai yi zurfi ba, gidan da aka ɗora a kan tsohon kududdufin da aka cike da shara, ruwan indararo da ke zuba a gindin bango duk damina, gara a ginin ƙasa, duk suna tsaga gini ko babu bishiya a unguwar. Wannan ita ce hujjar farko da maƙwabcinka zai kawo, kuma sau da yawa yana da gaskiya.

Saiwa tana ɓarna ta hanya uku. Ta farko ita ce turi. Yawancin saiwoyin bishiya ba sa nutsawa can ƙasa kamar yadda ake zato, suna shimfiɗe ne a cikin mita guda ta sama, kuma sukan wuce inda inuwar rassa ta tsaya nesa ba kusa ba. Idan saiwa ta shiga ƙarƙashin abu mara nauyi, irin katangar zagaye, daɓen siminti, kwata ko dakali, tana ƙara kauri kowace shekara tana ɗaga shi. Dangin cediya da durumi da gamji da ɓaure sun yi suna a nan, haka malaina da darbejiya. Ginin da ke da nauyi, kamar bene mai harsashin kankare, da wuya saiwa ta ɗaga shi.

Ta biyu ita ce shan ruwa, kuma ita ta fi wuyar ganewa. A ƙasar laka, musamman baƙar ƙasar nan ta firgi da ke gefen tafkin Chadi da irinta da ake samu a Gombe da Numan, ƙasa tana kumbura da damina ta tsuke da rani. Babbar bishiya mai ƙishi, kamar turare ko maɗaci, tana tsotse danshin da ke ƙarƙashin harsashi ta ɓangaren da take, sai wannan ɓangaren ya zauna, sauran ginin yana tsaye. Tsagar da ke biyo baya a karkace take zuwa, ta fi buɗewa daga sama, tana son kusurwar ƙofa da taga, kuma tana ƙara baki da bazara ta ɗan rufe idan ruwa ya zauna. A ƙasar jigawa mai rairayi wannan ba ya faruwa, don yashi ba ya tsukewa. Wanda gidansa ke kan rairayi ya je kotu da wannan hujja, injiniyan ɗaya ɓangaren zai rushe ta cikin minti biyar.

Ta uku, shiga bututu, sokawe, shadda da rijiya. Saiwa ba ta cika fasa lafiyayyen bututu ba. Mahaɗin da ke ɗigo take samu ta kutsa, ta yi gashi a ciki har ta toshe. Ka san da wannan, don mai bishiya na iya cewa bututunka ne ya fara yoyo, kuma alƙali na iya raba laifin.

To, me za ka yi? Ka ɗauki hoton tsagar da wayarka, da abin awo a jikinta. Ka shafa ɗan siminti a wuri biyu ko uku a kan tsagar, ka rubuta kwanan wata a gefe, ka riƙa dubawa. Idan simintin ya tsage, ginin na motsi har yanzu. Ma'aunin da masu binciken gine-gine na Birtaniya suka fitar yana da amfani a nan: tsagar da ba ta wuce milimita 5 ba gyaran filasta ne, daga 5 zuwa 15 ta fara cije ƙofofi tana neman magini, wadda ta haura 25 kuwa ginin na cikin haɗari. Idan bango ya karkata ta inda yara ke wasa ko ake kwana, kada ka jira wani awo, ka tokare shi, ka janye iyalinka daga wurin.

Sannan ka haƙa rami a cikin gidanka, a gindin inda ya tsage, ka bi saiwar har bakin iyaka. Kada ka yanke ta tukuna, kada ka binne ramin. Ka kira mutum biyu na unguwa su gani da idonsu, ka ɗauki bidiyo tun daga bango har inda saiwar ta ɓulla daga gidan maƙwabci. Idan bishiyoyi sun yi yawa a kewayen, har da taka, dole a gane ta wace ce. Ma'aikacin gandun daji da ya kwana biyu a aiki yakan gane ta ɓawo da wari, idan kuma gardama ta yi tsanani a kai guntunta sashen nazarin tsirrai na jami'a, ko tashoshin Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Najeriya da ke Kano da Samaru. Ɓarnar da ta taɓa ɗakin kwana ta cancanci rahoton injiniyan gini mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN. Kuɗin rahoton zai yi maka zafi, amma shi ne ƙashin bayan ƙararka.

Abin da doka ta ce

Dokar manyan kotunan Arewa ta karɓi dokar gargajiyar Ingila, wadda aka gina a kan hukunce-hukuncen alƙalai, don haka lauyoyinmu har gobe suna kafa hujja da shari'o'in can. Waɗanda aka yanke a baya-bayan nan ba su ɗaure alƙalin Najeriya ba, amma yana duba su yana ba su nauyi. A wannan doka, saiwa ko reshen da ya ƙetare iyaka ya yi ɓarna yana cikin babin takura wa maƙwabci a mallakarsa. Shari'ar Davey da hukumar garin Harrow ta 1958 ta toshe wata kafa da masu bishiya ke son bi: kotu ta ce babu bambanci tsakanin bishiyar da mutum ya dasa da wadda ta tsiro da kanta. Wanda ya ce «ai tsuntsu ne ya yar da ƙwallon» bai kuɓuta ba, haka wanda ya ce a haka ya sayi gidan.

Sai dai ba a kama mutum da abin da mai hankali ba zai hango ba. A shari'ar Solloway ta 1981, saiwar wata bishiyar bakin titi ta lalata gida a yankin Hampshire, amma kotun ɗaukaka ƙara ta wanke hukumar yankin, mai bishiyar, don ƙasar wurin tsakuwa ce, 'yar lakar da ta jawo matsalar ɓoye take, babu wanda zai yi tsammaninta.

Shari'ar da ta fi dacewa kowane mai bishiya ya sani ita ce ta ginin Delaware Mansions da ke Landan, wadda kotun ƙolin Birtaniya ta wancan lokaci ta yanke a 2001. Bishiya ce guda ɗaya a gefen titi, mallakar ƙaramar hukumar Westminster. Bayan farin 1989 ginin ya fara tsagewa, aka sanar da hukumar, aka nemi ta sare bishiyar, ta ƙi. Da ta sare, gyaran bai wuce wajen fam dubu 14 ba. Da ta ƙi, sai masu ginin suka ƙarfafa harsashi daga ƙasa, aikin ya ci fiye da fam dubu 570, kotu kuma ta ɗora wa hukumar kuɗin. Hukumar ta yi gardamar cewa kamfanin da ya kai ƙara ya sayi ginin ne bayan tsagar ta bayyana. Kotu ta ce muddin saiwar na ci gaba da shan ruwan ƙarƙashin ginin, cutar ba ta yanke ba, kuma wanda ya biya kuɗin kawar da ita yana da haƙƙin nema. A cikin hukuncin nan ne kuma aka jaddada cewa mai bishiya yana da haƙƙin a sanar da shi, a ba shi lokacin da ya dace ya kawar da cutar, kafin a zo masa da takardar kuɗin gyara.

Malaman Malikiyya sun riga alƙalan Ingila tattauna wannan da ɗaruruwan shekaru. Tushen babin shi ne hadisin nan da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, wanda ya hana cuta ya kuma hana rama cuta da cuta. Muhtasar na Halilu ya kawo mas'alar a babin tarayya, Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim kuma, wadda ba a raba teburin alƙalanmu da ita, ta ware wa cutar bishiyoyi fasali guda. Tambayar da suka fara yi ita ce: wa ya riga wani, bangon ko bishiyar? Idan bango na tsaye aka dasa bishiyar, babu saɓani, ana hukunta a yanke duk abin da ke cutar da bangon. Idan bishiyar ce ta riga, magana ta rabu biyu. Muɗarrif yana ganin a yanke abin da ya cutar duk da haka. Ibnul Majishun yana ganin a bar ta, don mai ginin ya ga bishiyar ya zo ya yi gini a huruminta. Wannan ra'ayi na biyu ya kamata ya sa duk mai sayen fili kusa da tsohuwar tsamiya ko kuka ya yi tunani kafin ya ja igiyar harsashi. A ganina ma akwai adalci a cikinsa wanda dokar Ingila ta rasa, don can ba a karɓar hujjar cewa mai ƙara shi ya tarar da cutar.

Yanke abin da ya cutar daban, biyan diyyar abin da ya riga ya lalace daban. A nan mas'alar da ta fi kusa ita ce ta bangon da ya karkata. Malamai sun ce mai bangon yana lamunin abin da ya faɗa wa idan an gargaɗe shi, aka kafa shaida a kan gargaɗin, kuma ya sami lokacin da zai iya gyarawa ya yi sakaci. Gargaɗi, shaida, lokaci. Kusan abin da alƙalan Landan suka faɗa ke nan a 2001.

Shiru kuma yana da farashi. A Malikiyya, wanda yana nan yana gani aka jawo masa cuta, ya yi shiru shekara 10 ba tare da wani uzuri ba, ana iya kore da'awarsa da hauzi, ko da yake malamai da dama sun ware cutar da ke ƙaruwa da tafiyar lokaci, kuma saiwa ƙaruwa take yi. A babbar kotu, dokokin ƙayyade lokacin ƙara suna ba da shekara 5 ko 6, gwargwadon jiha.

Sanarwa

Ka je da kanka, ko ka tura wanda yake jin nauyinsa. Bayan sallar asuba ko la'asar, ba a gaban jama'a ba, ba kuma ta bakin yara ko matan gida ta kan katanga ba. Magana irin wannan ta isa: «Alhaji, in kun sami sarari ina so ku leƙo ku ga wani abu a gindin katangar nan tamu. Ina jin saiwar darbejiyar nan ce ta shigo.» Kalmar «tamu» tana aiki. Kuma ganin ido ya fi bayani, yawancin mutane da sun ga saiwa mai kaurin cinya a ƙarƙashin bangon maƙwabci jikinsu ke yin sanyi. Idan mai gidan mace ce, uwar marayu ko wadda mijinta ke tafiya, a bi ta hannun wakilinta ko babban ɗanta, amma a tabbatar saƙon ya isa gare ta, don ita ce mai haƙƙi.

Idan mako biyu sun wuce babu motsi, ka koma da mutum biyu, zai fi kyau liman ko mai unguwa na ciki. Sannan ka rubuta. Ba sai lauya ba a wannan mataki, 'yan layuka sun wadatar:

«Alhaji, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ina tunatar da ku maganar da muka yi a gaban Malam Liman game da saiwar darbejiyar gidanku da ta shigo ƙarƙashin katangata ta gabas ta tsaga ta, kamar yadda kuka gani. Tsagar tana ƙaruwa, ga damina ta matso. Ina roƙon ku sa a yanke saiwar, a kuma zauna a kan gyaran katangar, daga yau zuwa kwana 30. Ƙofata a buɗe take ga duk masanin da kuke so ya zo ya duba. Allah ya bar zumunci.»

Ka sa kwanan wata da hannu, ka riƙe kwafi, wanda ya kai takardar ya zama mutumin da zai iya tsayawa ya ce shi ya kai. Ka tura hotonta ta WhatsApp ma. Wasu na ganin rubuta wa maƙwabci takarda kamar yanke zumunci ne. Ni ina ganin akasin haka: takarda mai ladabi tana hana «ka ce, na ce», kuma ita ke ba mutum damar gyara da kuɗi kaɗan kafin abin ya zama na mai yawa.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne ka rushe katangar, ka sake ginawa, ka binne ramin, sannan ka aika wa maƙwabci lissafi. Ka shafe shaidarka da hannunka, ka kuma hana shi haƙƙinsa na dubawa. In gyaran na gaggawa ne, ka sanar da shi ranar da za a yi, ka gayyace shi, ka ajiye guntayen saiwar da rasiɗin kowane buhun siminti.

Kana iya yankewa da kanka?

Kana iya, a cikin iyakarka. Tun shari'ar Lemmon da Webb ta 1894 aka tabbatar cewa mutum na iya sare reshen da ya leƙo masa ba tare da neman izini ba, muddin bai taka filin maƙwabci ba, kuma hukuncin ya haɗa da saiwa. Tuhfa ma ta ce abin da ya fita daga sararin mai bishiya ana yanke shi daidai iyaka. Dokar Faransa, wadda ta Nijar ta samo tushe daga gare ta, ta ba maƙwabci damar yanke saiwa da kansa a bakin iyaka, reshe kuwa sai dai ya tilasta wa mai bishiyar ya sare. Ta kuma hana dasa bishiyar da za ta haura mita 2 a tazarar da ba ta kai mita 2 daga iyaka ba.

Amma ka lura da abu uku. Itacen da ka sare da 'ya'yan da ke jikinsa na mai bishiya ne, ko mangwaro ne ko makamashi, ka miƙa masa. Ba ka da ikon tsallaka katanga, ko jingina tsani a cikin gidansa. Na uku kuma ya fi su haɗari: manyan saiwoyin da ke kusa da gindi su ke riƙe da bishiya. Ka datse su ta ɓangare ɗaya, guguwar farkon damina ta zo, bishiyar ta kife kan ɗakin wani, to kai da ka zo neman diyya kai za a nema. Ƙa'idar da masu kula da bishiyoyi a Birtaniya ke bi ita ce a auna faɗin gangar bishiyar a ninka sau 12, abin da ya fito shi ne tazarar da ba a son a taɓa saiwa a cikinta. Gangar da ta kai santimita 50 ke nan tana neman mita 6. A fulotanmu na yanzu da wuya a sami wannan sarari, shi ya sa idan babbar bishiya na manne da katanga, rage mata rassa sosai kafin a taɓa saiwa, ko sare ta gaba ɗaya, ya fi aminci, kuma wannan sai da yardar mai ita ko umarnin kotu.

Zuba gishiri, baƙin mai, ruwan batir ko maganin kashe ciyawa a saiwa, ko zagaye ɓawon bishiya da wuƙa cikin dare, duk ɓarna ce da gangan. Kundin Penal Code da dokokin laifuka na shari'a a jihohin Arewa sun tanadi hukunci a kan ɓarnata dukiyar wani da shiga masa wuri ba izini. Mai wannan aiki ya mayar da ƙarar da zai ci ta zama tuhumar da zai amsa. Kuma bishiyar da ta mutu a tsaye ta fi mai rai saurin faɗowa.

Sulhu, sannan kotu

Yawancin irin wannan rigima a zauren mai unguwa ko dagaci take mutuwa, kuma nan ya kamata ta mutu. A Kano akwai Hukumar Hisba, akwai kuma zauren sasanci na babbar kotun jiha da aka buɗe a 2009. Abin da sulhun unguwa ya fi rasawa shi ne rubutu. A rubuta wa zai sare, yaushe, wa zai biya mai injin yanka, wa zai ɗauki itacen, nawa kowa zai sa a gyaran katanga, a sa hannu da shaidu. Idan katangar tsohuwa ce da dama ta gaji, kada ka nace sai an gina maka sabuwa fil da kuɗin wani. Raba kuɗin shi ne daidai, kuma kotu ma tana iya rage abin da za ta ba ka saboda haka.

Idan bishiyar na da amfani kuma akwai 'yar tazara, akwai tsaka-tsaki: a haƙa rami a bin iyaka mai zurfin mita guda ko fiye, a datse ƙananan saiwoyi da kaifin zarto, a zuba kankare ya zama shinge a ƙarƙashin ƙasa, a kuma amince za a riƙa rage rassa duk shekara biyu. Yana sayen shekaru, amma cediya da danginta sukan zagaye shi a ƙarshe.

Sulhu ya ƙi, sai kotu. Musulmi biyu na iya zuwa kotun shari'a, inda hujja ke kan mai da'awa, rantsuwa kan wanda ya musa, alƙali kuma yakan tura masana gini su gano masa, ko ya je da kansa. Idan kuɗin da yawa, ko gardamar ta juye ta zama ta iyakar fili mai takardar mallaka ta gwamna, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba babbar kotun jiha hurumin wannan, kuma za ka buƙaci safiyo da lauya. Abu biyu za ka roƙa: umarnin a kawar da cutar, da diyya. A babbar kotu, kuɗin da ka kashe ko za ka kashe sai ka jera su ɗaya bayan ɗaya ka tabbatar da kowanne, bulo nawa, siminti nawa, ladan magini nawa, hayar ɗakin da ka kama da naka ya ƙi kwanuwa. Jimla a dunƙule ba ta wucewa. Hotuna da bidiyon waya kuma suna shiga ne ta sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, wanda ke neman takardar bayanin na'urar da aka ɗauka da ita, don haka kada ka sayar da wayar ko ka goge asalin hotunan.

Wa za ka yi ƙara? Wanda bishiyar ke ƙarƙashin ikonsa. Idan 'yan haya ne a gidan, ka sanar da su ka kuma sanar da mai gidan ko wakilinsa, don ɗan haya ba ya sare bishiya sai da izini. Idan kai ne ɗan haya a gidan da ya tsage, ka gaggauta gaya wa mai gidanka a rubuce, kada ranar tashi a ce kai ka lalata. Gidan gado da ba a raba ba ya fi wahala, kowa na cewa ba shi kaɗai ba ne, sai a sanar da wanda ke zaune a ciki da babban magaji tare. A ƙauye kuma ka bincika, don a al'adarmu ana iya samun gona ta wani, ɗorawa ko dabinon da ke cikinta na wani. Bishiyar da gindinta ke kan iyaka daidai ta ku biyu ce, babu mai sare ta shi kaɗai, babu kuma mai ɗora wa ɗaya dukkan laifinta.

Bishiyar bakin titi da hukuma ta dasa tana da nata tsarin. Kada ka taɓa ta, dokokin gandun daji da na muhalli suna hukunta sare irinta ba izini. Ka rubuta wa ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli, ka tabbatar an buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Kuma ka ga lauya da wuri, don Dokar Kare Jami'an Gwamnati ta ba da wata 3 kacal a shigar da ƙara, hukumomi da yawa kuma dokarsu ta ce sai an ba su sanarwa kafin a kai su kotu.

Idan an kai ga sarewa, aikin bai ƙare da faɗuwar bishiya ba. A ƙasar laka, wurin da babbar bishiya ta shekara tana tsotsewa zai fara komawa da danshi ya kumbura, yana iya tura harsashi sama, don haka a bar damina ɗaya ta wuce a ga yadda tsagar ta zauna kafin a kashe kuɗi a kan gyara na dindindin. Darbejiya da turare da malaina kuma suna tohowa daga kututture, saiwar ta ci gaba da rayuwa a ƙarƙashin bangonka kamar ba a yi komai ba. A sa a cikin takardar sulhu cewa za a tone kututturen, a cike ramin da ƙasa a daddaɓe, a kuma faɗi wanda zai biya masu tonon.